Tafiyata Gana Don Ɗauko 'Yar Fari

Tun da na dawo daga Gana ban huta da tambaya ba. A ƙofar masallaci tambaya, a teburin mai shayi tambaya, har a ajinmu na yaƙi da jahilci ba a bari in buɗe littafi sai wani ya ce, "Malam Sale, wai da gaske ne ba a hango ƙarshen teku?" Nakan ce da gaske ne, in yi shiru. Ba rowar labari nake yi ba, bakina ne yake yin nauyi. Malaminmu ya ce tunda hannuna ya fara faɗawa, in zauna in rubuta sau ɗaya, mai son ji ya karanta. To ga shi. Wanda yake jiran labarin daɗi ya yi haƙuri da ni.

'Yata ta fari ce take aure a can. Mijinta Sabi'u mutumin Baure ne, yaro mai ladabi, ban taɓa jin wanda ya kawo ƙararsa ba. Shekarun baya da gona ta ƙi, sai ya bi abokansa haƙar zinariya a Gana. Rami ya rufta da wanda suke aiki kafaɗa da kafaɗa, ya tsorata, ya gangara bakin kogi ya koyi su, wato kamun kifi. Da ya ɗan zauna da gindinsa ya zo ya ɗauki matarsa. Shi yake kamu, ita take banda. A can suka haifi 'yarsu Ummi, ba mu taɓa ganinta ba sai a hoton waya.

Ku mutanen Daura kun san yadda muke da ɗan fari. Ba na kiran sunanta, ba ma zama hira. A hannun yayata ta girma a Sandamu, in ta zo gaishe ni daga bakin ƙofa take durƙusawa, in amsa ina kallon wani wuri. Haka na ga ubana ya yi da yayana, ban taɓa ganin aibun abin ba.

Bayan girbi matata Hinde ta same ni a zaure. Ta ce ta ji a waya Ummi ta isa gudu amma faɗuwa take yi, ta isa magana amma ba ta yi, ga uwar kuma da wani cikin.

"Malam, waccan haihuwar an yi ta babu mu, ka ga yadda ta fito. Wannan a ɗakina za a yi ta. Ka je ka ɗauko min yarinyar nan."

Na ce, "Hinde, Gana fa kika ce, ba Zangon Daura ba."

Ta ce, "Ko bangon duniya ne."

Ta ɗaure min kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa a cikin buhu, na kama hanya.

Da rani ina taya dillalai aiki a kara, kasuwar shanu, saboda haka ban sha wuyar samun mota ba. Wani mai shanu ya ba ni wuri a kan tirelarsa da ta yi lodi a Mai'aduwa za ta Legas. Wanda bai taɓa hawa ba, katakai ne ake girkawa a sama, mutane a kai, ƙahonni a ƙasa. Mai kula da shanun sunansa Garba, baƙi dogo, bakinsa ba ya rabuwa da goro da zolaya. Da ya ji inda za ni sai ya ce, "Baba, kai da ba ka taɓa wuce Kano ba, za ka fara da Gana? Allah ya sa kada teku ta ɗauka kai ma kifi ne."

Aikin hanyar shi ne kada a bar bijimi ya kwanta, in ya kwanta 'yan'uwansa za su tattake shi. Bayan mun wuce Jebba wani bijimi ya zube. Garba ya ce in sauka in kama wutsiya shi ya kama ƙaho. Muka tashe shi, amma takalmina na dama ya nutse cikin kashin shanu, ban sake ganinsa ba. Ruwan sama ya same mu a ƙasar Yarabawa a lokacin da a gida ko gajimare babu. Haka na shiga Legas da takalmi ɗaya, riga tana ɗiga, ina wari kamar garke. Garba ya yi ta dariya har ya ƙware. Shi ne kuma ya kai ni masallacin 'yan kara a Agege na kwana, ya nemo min silifas, ya sa ni a motar bakin iyaka. Ba mu sake haɗuwa ba. Allah ya saka masa.

A iyakar Seme na fara sanin ni baƙo ne. Katin tafiya na yi shi tun a Katsina, amma babu wanda ya gaya min akwai wani katin mai ruwan ɗorawa na allurar rigakafi. Aka tsare ni a benci, aka tsira min allura a dantse, motarmu ta gaji da jira ta tafi. A mota ta biyu na zauna kusa da wata 'yar kasuwa, Hajiya Ladi, haifaffiyar unguwar Hausawa ta Ankara, babban birnin Gana. Hausarta ta ba ni dariya da farko, ita ma tawa ta ba ta, ta ce ina magana kamar mai karanta labarai a rediyo.

A Kwatano na ga mata suna tuƙa babur da ɗa a goye, babu mai ko waiwayensu. Fetur kuwa a manyan tuluna na gilashi ake sayar da shi bakin titi, na ce wannan kam mun san shi a gida, tulun ne kawai ya fi namu girma. A Lome na fara ganin teku. Na ce wa direba ya tsaya, ya ƙi. Ta taga na kalle ta, ban san abin da zan ce ba sai salati.

A ƙofar shiga Gana wani ma'aikaci ya kwance buhuna, ya ga garin kuka kore shar, ya shinshina daddawa, ya ja da baya yana toshe hanci, ya kira na gaba da shi. Ni dai ba na jin abin da suke faɗi, na ga an fara taruwa. Hajiya Ladi ta kutso ta lakaci kukar ta sa a baki, ta balbale su da faɗa da yarensu. Suka ɗaure min buhun da kansu.

Ta ce, "Na ce musu miya ce. Wanda bai san kuka ba me ya sani?"

A gidanta na sauka a Ankara. Ta ba ni shinkafa da wake da aka dafa da karan dawa ta yi ja, da wani tuwon masara mai tsami naɗe a ganye, wanda na ci don kunya. A unguwar na ga taro sanye da ja da baƙi, ga kiɗa ga rawa ga rumfuna, na tambaya wa ke aure. Ta ce ba aure ba ne, jana'iza ce, kuma mamacin ya daɗe a cikin ƙanƙara ana jiran dangi su taru. Na tuna yadda muke yi, mutum ya cika da hantsi, kafin azahar an dawo daga maƙabarta. Kowa da yadda yake sallamar nasa.

Daga Ankara na shiga motar Takoradi, daga can wata ƙaramar mota zuwa ƙauyen su Sabi'u. A hanya muka hau wata gada. Na leƙa ƙasa ina zaton zan ga kogi, sai na ga abu kamar kunu mai kauri, ja-ja, ko motsin kirki ba ya yi. A tsakiyarsa injuna a kan katakai suna zuƙo laka suna fesowa, samari tsirara rabin jiki suna wanke ƙasa. Gaɓar duk an farke ta, babu bishiya. Wani dattijo da ke kusa da ni ya nuna ruwan, ya nuna bakinsa, ya nuna tsayin yaro da hannu. Na gane yana cewa da yana ƙarami shi yake sha. Daga nan ya juya fuska bai sake dubawa ba.

Ƙauyen yana inda kogin yake buɗewa ya zama tafki kafin ya faɗa teku. Zangon Hausawa yana gefe, 'yan ɗakunan kwano da murhun banda a kowace ƙofa, hayaƙi ba ya ɗaukewa. Sabi'u ya taro ni tun daga bakin hanya, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, kansa a ƙasa. 'Yata kuma ta fito ta tsuguna daga nesa ta ce, "Sannu da zuwa." Na ce, "Yauwa." Da wutsiyar ido na ga ta rame, cikin ya fito, idanunta sun yi ja da hayaƙi. Iyakar gaisuwarmu ke nan bayan shekaru.

Sai aka kawo min Ummi. Da jika babu kunya, na ɗaga ta sama na ce, "Amaryata, haka ake yi? Miji ya zo tun daga Daura ba ko ruwa?" Ta yi min murmushi, kyakkyawa, mai idon kakarta. Da na sauke ta ta nufi uwarta, sai na ga tafiyar. Kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu, ƙafafu a wawware, taku kaɗan ta kife. Aka ba ta cokali, hannun yana rawa, kafin ya kai baki abincin ya zube. Yawu yana bin haɓarta. Sabi'u ya ce an yi rubutu, an yi hayaƙi, an ce iskar ruwa ce.

Tunda suruki ba ya kwana gidan surukinsa, aka sauke ni wurin sarkin zango, Alhaji Mumuni, dattijo mai fara'a, shi ne kuma yake sayen bandar zangon yana turawa kasuwannin nesa. Can ake aiko min da abinci. Jama'a, ban taɓa cin kifi irin na kwanakin nan ba. Mu da a Daura ake gutsura busasshiyar tarwaɗa ɗaya a tukunyar gida guda, ga ni da kan kifi ya cika kwano. Har ƙaguwa na ci, Alhaji ya koya min fasa ɓawon da tsotse kitsen ciki. Ya ce Sabi'u mijin kirki ne, duk kifin da ya fi girma ba ya sayarwa, gida yake kaiwa saboda mai ciki ta yi ƙarfi, Ummi kuma a ba ta hanta da romon kai ko ƙafarta ta yi ƙwari. Na ji daɗi a raina, na ce 'yata ta dace.

Abu ɗaya ya tsaya min. 'Yan garin ba sa cin kifin tafkin. Suna da manyan jirage masu fenti, teku suke shiga, baƙo kuwa ba a ba shi wuri a teku. Na tambayi Alhaji, ya ce camfinsu ne, su suka sani.

Wata safiya na saɓa Ummi a kafaɗa na kai ta ƙaramin asibitin garin, don na ji an ce akwai ma'aikaciya mai jin Hausa. Sista Fati sunanta, gajeriya, mai saurin magana. Ta duba yarinyar, ta sa ta tafiya, ta ba ta murfin biro ta kama. Sannan ta ce, "Baba, me take ci?"

Na ce, "Alhamdu lillahi, abinci kam ba a rage ta ba. Kifi safe, kifi rana, kifi dare."

"Uwar fa, lokacin da take da cikinta?"

"Shi ne dai."

Ta ajiye biron. Ta ce in jira ta tashi daga aiki. Da ta tashi ta ja ni bakin ruwa inda ake sauke kamu, ta sayi kifi biyu, ɗaya daga jirgin teku, ɗaya daga kwalekwalen tafki, ta ari wuƙa wurin wata mata. Ta ce mutanen jami'a sukan zo su ɗebi kifin nan su tafi da shi, su suka nuna mata abin da za ta nuna min.

Ta ɗaga kumatun na teku. Abin nan mai kama da matsefi da kifi yake shaƙa da shi, ja wur, kowane sili a ware. Ta ɗaga na tafki. Ya koɗe, ya yi fari-fari, silin sun manne da juna, ga yauƙi kamar majina. Ta ce, "Wannan da ƙyar yake numfashi tun yana raye." Ta farke cikinsu ta zaro hanta. Ni na yi shekaru ina tsayawa kan mahauta, na san hantar dabba mai lafiya. Ta tafkin ta kumbura, launinta kamar ƙasa, da ɗigo-ɗigo a jiki, da ta danna da yatsa sai ta marmashe. Da a kara aka fito da irinta daga cikin bijimi, ko kare ba za a jefa wa ba.

Ta sa aka miƙo ƙaguwa ta fasa. Kitsen da na kwana biyu ina tsotsa, wanda ya kamata ya zama ruwan ɗorawa, ya yi duhu ya tsinke. Ɓawon ma taushi gare shi, yatsa yana shiga. Ta watsa jatan lande a tafin hannu ta nuna min kawunansu, baƙi ya taru a ciki.

Na ce, "Ciwon me ke nan?"

Ta ce, "Ba ciwo ba ne da ake ɗauka, guba ce. Ka ga masu zinariya a hanya? Da zaiba, ruwan ƙarfen nan mai sheƙi, suke kama zinariyar, ragowar ta bi ruwa. Ƙasar da suke tonowa kuma tana da dalma da wasu ƙarafan da Allah ya binne a ƙasa, su suka fito da su. Duk su gangaro nan su kwanta a laka. Ƙaguwa da jatan lande a lakar suke kwana, ita suke ci. Ƙaramin kifi ya ci su, babba ya ci ƙarami. Abin ba ya fita, taruwa yake yi a hanta da ƙoda da tsoka. Duk wanda ya fi girma ya fi tarawa."

Na ce, "Amma ai ana banda shi. Kwana yake a kan wuta."

"Baba, wuta tana kashe tsutsa. Ƙarfe ne wannan. Ka taɓa ganin wutar murhu ta cinye ƙarfe?"

Na dubi Ummi, tana zaune a yashi tana ƙoƙarin ɗaukar wani ɓawo, hannun yana kaucewa. Sista Fati ta ce ba za ta rantse min cewa shi ne ya taɓa yarinyar ba, sai an auna jini da gashi a babban asibiti. Amma ta ce Ummi ba ita ce ta farko da aka kawo mata daga zangon da irin wannan tafiyar ba, kuma abin da ya taɓa ƙwaƙwalwa tun a ciki ba kasafai yake gyaruwa ba.

"Wannan sai addu'a da kulawa. Na cikin shi ne abin gudu, yanzu ake gina shi. In kana da iko, ɗauke 'yarka daga bakin ruwan nan."

Ranar ban iya cin abincin da aka aiko ba. Na ce cikina ne.

A garin ba a shiga ruwa ranar Talata, haka al'adarsu take, baƙi ma suna bi. Sai na roƙi Alhaji Mumuni ya tara mu ranar. Ni ba zan iya zama in yi ciniki da mijin 'yata baki da baki ba, ba a yi. Na zayyana wa Alhaji komai tun da safe, hantar, ƙaguwar, maganar Sista. Ya saurara yana jan carbi, ya ce in bar masa.

Aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gidansa, limamin zango ya zo, da wasu dattawa. Sabi'u ya zauna can gefe a ƙasa. Alhaji ya yi doguwar gabatarwa a kan zumunci, sannan ya ce surukinka yana son ka ba shi iyalinka ta je ta haihu a gida, kuma ma'aikatan asibiti sun ɗan tsorata shi game da ruwan nan. Iyakar abin da ya faɗa ke nan a kan gubar. Ban ji hanta ba, ban ji zaiba ba. Daga baya na yi tunani, mutumin da duk zangon yake ci daga bandar da yake saya, da wane baki zai ce guba ce a gaban jama'a?

Sabi'u ya yi magana kansa a sunkuye, Alhaji yake kallo ba ni ba. Ya ce shi ma ya ga yadda kogin ya lalace a sama, shi ya sa ba ya jefa raga sai a tafki inda ruwan ya kwanta ya yi garau. Ya ce a makarantar allo an koya musu ruwa yana nan da tsarkinsa muddin launinsa bai canza ba, ɗanɗanonsa bai canza ba, ƙanshinsa bai canza ba, kuma shi kullum yana dubawa, da shi yake alwala. Liman ya gyaɗa kai ya ce haka yake a littafi. Na so in ce tsarkin alwala daban, abin da ke kwance a hantar kifi daban, amma ni wa, a gaban liman?

Sabi'u ya ci gaba. Ya ce yanzu ne lokacin kamu, in babu mai banda kifin kafin yamma ya ruɓe, ba shi da kowa sai ita. Amma tunda Baba ya taso tun daga Daura, ba zai koma hannu sake ba. Ya ba ni Ummi riƙo, halak malak, in tafi da ita a nema mata magani a gida.

Wurin ya ɗauka, "Madalla! Allah ya yi maka albarka! Wannan shi ne ɗa."

Na tattara ƙarfina na ce, ina kallon tabarma, "Mai cikin fa?"

Ya ce, "In ta sauka lafiya ta yi arba'in, da kaina zan kawo ta, in Allah ya yarda."

Alhaji ya ce, "Ai ya gama magana, Malam Sale. Liman, a yi mana fatiha." Aka ɗaga hannu, ni ma na ɗaga. Aka shafa. Kun san abin da aka shafa wa fatiha ba a sake tayar da shi.

Ranar tafiya Sabi'u ya yi min sallama tun da asuba ya shiga ruwa. Ita ta rako mu tasha da Ummi a goye a kan cikin nan, ƙullin kayan yarinyar a ka. Ta sauke ta, ta gyara mata ɗankwali, ta juya za ta koma ba tare da ta dube ni ba, yadda aka koya mata. Direba yana ta buga ƙofa. Na ji in na bari ta kai kwanar can, shi ke nan.

Na ce, "Rakiya."

Ta tsaya cak. Tun da aka raɗa mata sunan ban taɓa furta shi ba. Ta juyo ta rufe baki da gefen mayafi.

Na ce, "Zo nan. Kifin tafkin nan guba ne. Na gani da idona. Shi ake zaton ya taɓa Ummi, kuma zai taɓa na cikinki. Ki shiga motar nan yanzu, ni zan ɗauki laifin, in an tambaya ki ce ni na tilasta ki."

Ta ce, "Baba, na sani."

"Kin sani?"

"Sista ta faɗa min tun zuwana awo na farko. Na bar ci na ɗan lokaci. Rogo na yi ta ci gaya har jiri yana kayar da ni a bakin murhu. Na teku ba ma iya saye. Shi kuma in ya kawo babba ya ajiye min, murna yake yi, in na ƙi ci sai ya ce na rena nemansa." Ta share ido. "In na bi ka, wa zai hura masa wuta? Ba shi da kowa a ƙasar nan, Baba. To me za mu ci?"

 Har yau da nake rubutun nan ina jin tambayar nan a kunnena.

Ta sunkuya ta ce wa Ummi ta yi wa Kaka biyayya, ta ce min ba ta son ruwan zafi sosai a wanka, kuma in za ta yi barci sai an riƙe mata hannun da ke rawa. Direba ya tayar da mota. Na shiga.

Dawowar ba ni da abin faɗi a kanta. Hajiya Ladi ta haɗa ni da wata mata mai zuwa Kano a babbar mota, ita ta taya ni da yarinyar a kan iyakoki, inda aka yi ta tambayata ina na samo ta. Ban kalli teku ba a Lome. Ummi ta yi kuka har Kwatano, daga nan ta daina, shirun ya fi kukan ciwo.

Da muka iso gida Hinde ta fito da gudu ta karɓi jikarta, ta rungume, tana leƙen bayana. Ta leƙa zaure, ta leƙa waje inda mai babur yake juyawa.

"Ina take?"

Na ce, "Tana gaishe ki."

Mun kai Ummi asibiti a nan Daura, sun tura mu Katsina, can ma sun ce a ci gaba da kawo ta, a yi ta motsa mata ƙafa. Tana cin tuwo yanzu. Faɗuwar tana nan.

Na auna gero da wake da gyaɗa daga rumbuna, na cika buhu, na ɗinke, na rubuta sunanta da sunan ƙauyen a jiki da hannuna, don ta sami abin da za ta ci wanda bai fito daga ruwan nan ba. Na bi kara, na bi tasha, na tambayi masu goro da masu shanu. Kowa iyakarsa Legas. Watan haihuwarta ya kusa kamawa, buhun yana nan jingine a zaure. In a cikin masu karanta wannan akwai wanda ya san mai wucewa Takoradi, don Allah ya neme ni a aji bayan la'asar.